Muryar da 'Ya'yanmu Suka Dawo da Ita

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma salati ga Annabinmu da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban majalisar iyaye, Alhaji Attahiru. Mai girma limamin hillarmu, wannan ƙauye namu, da na'ibinsa. Nazir mai riƙe da wannan makaranta da malaman da ke zaune tare da shi. Dattawan da suka taso daga garin Hajj Abdalla cikin wannan rana. Baƙinmu na garin Makwar da suka kawo mana kwanon rufi. Iyayena maza, iyayena mata da ke ƙarƙashin rumfa, ƙannena da yayyena, da ku 'ya'yanmu da ke zaune a kan tabarmi: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hafsa, ɗiyar marigayi Malam Abdussalami, uwar Raihana da ke aji shida. Mata suka zaɓe ni in yi godiya da bakinsu a wannan biki na gyaran makaranta, kuma godiyar zan fara yi, domin ta cancanta. Mun gode wa samarin da suka kwashe toka da tarkace daga ɗakunan nan bayan dawowarmu daga gudun yaƙi. Mun gode wa matan da suka yi ta jigilar ruwa daga tur'a, magudanar ruwan gonakinmu, a kawunansu har aka gama kwaɓa ƙasa. Mun gode wa waɗanda suka ba da kwano, da waɗanda suka ba da katako, da waɗanda ba su da komai sai ƙarfinsu suka ba da shi. Allah Ya saka wa kowa da abin da ya fi.

An ce mini idan na gama godiya in zauna. Alhaji, ku yi mini haƙuri, ban gama ba. Na saurari jawabin nazir tun daga farko har ƙarshe, an kira sunan wanda ya kawo ƙusa, an kira sunan wanda ya ara mana kurar jaki, amma ba a kira sunan Ustaz Uzairu ba, malamin da ya koyar da karatun Larabci a nan ba tare da albashi ba tun ranar da aka sake buɗe ƙofa. Ba ya cikin malaman da ke zaune gabana, domin majalisarmu ta kore shi. A kansa zan yi magana, kuma zan yi ta a gaban kowa, tunda a gaban yara aka kore shi.

Magana ta farko ita ce abin da 'ya'yanmu suka dawo da shi.

Kowa a nan ya san abin da muka bari a hanya. Mun bar awaki, mun bar buhunan dawa, wasunmu sun bar mutane. Abin da ba mu zauna muka duba ba shi ne abin da muka ɗauko. Ku je bakin tur'a da la'asar ku ga wasan da yaranmu suke yi. Da can langa ne da 'yar carafke. Yanzu a gitta kara a hanya, ɗaya ya rataya wani karan a kafaɗa, sauran su jeru su zama mota, shi kuwa ya daka musu tsawa da Larabcin masu bindiga, ya ce su tsaya, ya ce su sauko. Kun gani, na gani, mun wuce muna cewa yarinta ce. Amma muryar nan ba a bakin tur'a take kwana ba, gida take biyo su.

Da yawanku kun san mahaifiyata, Inna Indo, Allah Ya jiƙanta. Yanar ido ta rufe mata gani tun kafin yaƙi, da murya take gane mutane. A hanyarmu ta zuwa Sinja aka tsayar da lorin da muke ciki, wani yaro mai bindiga, wanda bai fi jikanta ba, ya ce ta sauko. Gwiwoyinta ba sa saurin lanƙwasawa, sai ya fizgo ta, ta faɗo ƙasa. Ba ta sake ɗaga zancen ba, mu ma ba mu ɗaga ba.

Bayan mun dawo, wata rana ina gaban murhu ina yin kisra, wainarmu ta dawa, na ce wa Raihana ta kai wa kakarta ruwa. Ta ɗauki kofi, ta je ta tsaya a kan tsohuwar da ke kwance bisa angarib, gadonta na igiya, ta ce, "Tashi. Karɓi." Kalma biyu ke nan, babu zagi a cikinsu, amma da waccan muryar ta faɗe su. Ina kallo mahaifiyata ta ɗaga hannuwanta biyu ta kare kanta, tana cewa da Larabci, "Ma indi haja, ya waladi," wato ba ni da komai, ɗana, ba ni da komai. Hannunta ya buge kofin, ruwan ya zube. Raihana ta juyo gare ni ta ce, "Yumma, me na ce mata? Ruwa fa na kai."

Ya ku iyaye, me zan ce wa yarinyar nan? Wace kalma zan hana ta faɗa? In hana ta cewa tashi, ko in hana ta cewa karɓi? Na san abin da ya ɓaci, kunnena ya ji shi, amma ban san yadda zan nuna mata shi ba, domin ita ba ta jin sa. Daga ranar Inna ta daina karɓar abinci daga hannun Raihana. Idan ta ji motsi a ɗaki sai ta yi ƙasa da murya ta tambaye ni, "Hafsa, mutumin nan ya fita?" Jikar da ta goya, jikar da ta yi wa kitso da lalube, ita take kira mutumin nan. Raihana kuma ta yi zuciya, ta ce kakarta ta tsane ta, ta daina shiga ɗakin. Kada kowa ya ce gidana kaɗai ne. Akwai matan da ke zaune ƙarƙashin rumfar can da suka gaya mini irin nasu.

Magana ta biyu ita ce abin da Ustaz Uzairu ya yi.

Wata rana na iske Raihana a bayan gida ta tasa akuyarmu gaba tana ce mata sannu. Ta faɗa a hankali, ta faɗa da ƙarfi, ta ja shi, ta datse shi. Na zaci wani abu ya taɓa mata kai. Da na tambaye ta sai ta ce aikin gida ne Ustaz ya ba su. Ni ba na yanke hukunci kan abin da ban gani ba, saboda haka na yafa mayafina na zo makarantar nan, na ce masa ina so in san abin da yake koya wa ɗiyata. Bai ɓata rai ba. Ya ce, "Yaya Hafsa, ga benci a baya, zauna ki gani."

Ga abin da na gani, ku da kuka yanke hukunci ba ku zauna a bencin nan ba. Ya yi karatunsa na Larabci cikakke, yara suka karanta, suka rubuta, ya duba. Da darasi ya zo ƙarshe ya ce kowa ya rufe ido. Ya taɓa kafaɗar yaro ɗaya, yaron ya ce, "Zo nan." Ustaz ya tambayi sauran, me ke cikin zuciyar mai wannan magana? Wasu suka ce fushi. Ya taɓa wata yarinya, ita ma ta ce, "Zo nan." Suka ce wannan abin daɗi za ta ba mutum. Ya sa su faɗa da Hausa, ya sa su faɗa da Larabci, don su ji cewa ba harshen ne yake canza abin ba. Sa'an nan ya tambaye su sannu iri nawa suka jiyo a gidajensu. Wani ya kawo sannun da ake yi wa mai noma a hawasha, wato a gona, wata ta kawo sannun da ake yi wa mara lafiya, wani ya kawo sannun da inna take yi idan ka dawo gida bayan an gama aiki, wadda kowa ya san ba gaisuwa ba ce. Ajin ya cika da dariya, irin dariyar da na daɗe ban ji daga bakin yaran nan ba.

Da aka tashi na ba shi labarin Inna. Sai ya ce, "Yaya Hafsa, yaran nan ba mugaye ba ne. A hanya sun ga wanda idan ya yi magana ake yi, sun ga iyayensu suna magana ba a saurara. Sai suka ɗauki muryar wanda ake ji. Ba su san abin da take yi wa mutum ba, don ba wanda ya tsayar da su ya ce su saurari kansu."

Wannan shi ne abin da aka yi ta yaɗawa a kasuwa ana cewa wasan kwaikwayo ne. Wannan shi ne abin da aka ce ɓata lokacin jarrabawa ne. Wannan shi ne abin da ya sa wasu, ba su ji kunyar Allah ba, suka ce yaƙi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Bari in gaya muku abin da ɓata lokacin ya haifar. Ba ni na aiki Raihana ba. Wata safiya Raihana ta ɗebi ruwa da kanta, ta shiga ɗakin kakarta. Ina daga ƙofa ina leƙe. Ba ta tsaya a kanta ba, ta durƙusa har kanta ya yi daidai da na tsohuwar, ta ce, "Kaka, ni ce Raihana. Ga ruwa, sha a hankali." Inna ta miƙa hannu ta shafa fuskarta, ta shafa kitsonta, ta ce, "Ke 'yar nan, ina kika shiga duk kwanakin nan? Na yi ta cigiyarki." Ta karɓa ta sha. Daga ranar har zuwa bayan yankan dawa da Allah Ya karɓi abarSa, Raihana ce take ba ta kunu a baki. Mahaifiyata ta bar duniya ta san jikarta ta dawo gida. Wanda ya yi mini wannan, shi ne kuka ce kada ya sake taka makarantar nan.

Magana ta uku ita ce ranar da aka kore shi, kuma ita ce mafi nauyi a bakina, domin ta shafi Kawu Bilyamin, ƙanin mahaifina, mataimakin shugaban majalisa, wanda yake zaune can. Kawu, ku kuka yanka ragon sunana, ban manta ba, kuma ba zan faɗi abin da ba gaskiya ba.

A ranar, wani yaro a ajin ya yi gardama. Ya ce shi bai ga aibin muryar ba, ai haka maza suke magana. Wasu suka goya masa baya. Ustaz ya yi bayani, suka ƙi. Sai ya ce su rufe ido su ji yadda take sauka a kunnen wanda aka yi wa. Ya faɗi kalma ɗaya tak, wadda ake faɗa wa mutanen cikin lori, "Anzil," wato sauko, da muryar da duk muka sani. Yaron da ya yi gardama ya sunkuyar da kai. Sai Ma'u ta fashe da kuka, Ma'u jikar Kawu Bilyamin, ɗiyar Salihu, wanda aka saukar daga mota a gaban idonta, har yau ba mu san inda yake ba.

Kawu yana wucewa zuwa hawasha, ya ji waccan kalmar ta tagar aji, ya ji kukan jikarsa. Duk wanda ke da zuciya ya san abin da ya ji a lokacin, ɗansa ne aka ɗauke. Ba na zarginsa da shiga ajin. Abin da ba zan yi shiru a kai ba shi ne abin da ya biyo baya. Bai tambaya ba, bai saurara ba. Ya nuna wa malami ƙofa a gaban ɗalibansa, ya ce, "Fita." Raihana ta dawo gida ta ce mini, "Yumma, da muryar nan Kaka Bilyamin ya faɗa." Yaran da ake ƙoƙarin raba su da ita, sai ga dattijon hilla ya nuna musu cewa tana aiki, ana yin ta, malami ya ɗauki takalminsa ya fita.

To, a ce wannan zafin zuciya ne na uban da ya rasa ɗa. Majalisa fa? Majalisa ta zauna da sanyin rai, an sha shayi, an yanke hukunci. An kira Ustaz Uzairu an ji ta bakinsa? Ba a kira shi ba. An kira yaro ɗaya daga ajin? Ba a kira ba. An kira uwa ɗaya, mu da muke kwana da yaran nan, mu da muke jin firgitarsu cikin barci? Ba a kira ko ɗaya ba. Ko Maijidda, uwar Ma'u, ba wanda ya je ya tambaye ta halin da ɗiyarta ta koma gida. Ita ce ta zo wurina, ita ce kuma ta ba ni izinin in faɗi wannan a gabanku.

Tun ranar da aka ɗauke Salihu, Ma'u ba ta sake ambaton mahaifinta ba. Idan aka kira sunansa sai ta tashi ta bar wurin. A ranar da ta yi kukan nan, ta koma gida ta zauna kusa da uwarta ta ce, "Yumma, kin san abin da Baba ya ce mini kafin ya sauka? Ya ce, riƙe ƙaninki, yanzu zan dawo. Ina ta fushi da shi, ina cewa ƙarya ya yi mini. Yau na tuno yadda ya faɗa. Muryarsa rawa take yi, yana danne ta. Tsoro yake ji, ya ɓoye don kada in ji tsoro." Suka yi kuka tare. Yanzu Ma'u tana tambayar uwarta labarin mahaifinta, tana sa shi cikin addu'a da sunansa. Kawu, a gidanku wannan ya faru, kuma ba ku sani ba, domin muryar da kuka dawo da ita ranar ta sa ba wanda ya iya tunkarar ku da maganar.

Ban ce Ustaz Uzairu bai yi kuskure ba. Ya kamata ya tuna waɗanda ke zaune a gabansa, ya kamata ya yi shawara da iyaye kafin ya kawo waccan kalmar cikin aji, shi da kansa ya faɗi haka. Kuskure irin wannan ana kiran mutum a zaunar da shi a yi masa faɗa. Ba a korarsa kamar wanda aka kama da sata, ba a bin sa da sunan hauka, ba a goge sunansa daga jawabin biki kamar bai taɓa riƙe alli a nan ba.

Ana ta cewa jarrabawa, jarrabawa. Ni ma ina so ɗiyata ta ci jarrabawa. Muna so yaran nan su zama likitoci, su zama malamai, su zama masu riƙe da ofis a Sinja. Amma ku tambayi kanku, ranar da kuka tsufa, idonku ya rufe kamar na Inna, kuka je gabansu da ciwonku, da wace murya kuke so su ce muku zauna? Mun rufe ɗakunan nan da sabon kwano, mun shafe bango da farar ƙasa, mun kori mutumin da yake gyara abin da yaƙi ya ɓata cikin yaran da kansu, sa'an nan muka taru muna biki.

Makon jiya na je har inda yake. Yana wata gonar albasa kusa da Makwar, yana cika buhuna. Na ce masa idan majalisa ta ƙi dawo da shi, ga rumfar gidana, mata za su turo 'ya'yansu. Ya ce a'a. Ya ce, "Yaya Hafsa, idan na koyar da su a ɓoye, na koya musu raina dattawansu. Malam Bilyamin yana ɗauke da ciwon da ya fi nawa, ba na riƙe da shi. Idan majalisa ta kira ni zan zo, ta ƙofar da na fita." Wannan shi ne mahaukacin naku.

Saboda haka, magana ta ƙarshe, ga abin da mata suka aiko ni da shi. Muna roƙon majalisa ta janye hukuncinta yau, kafin a watse, a gaban yaran nan da suka ga korar. Muna roƙon a ba mata kujeru cikin majalisa, kada a sake yanke magana kan 'ya'yanmu ba mu nan. Muna kuma roƙon kowane uba da kowace uwa, idan ya koma gida yau ya kira ɗansa, ya kasa kunne ya ji yadda ya kira shi.

Kawu Bilyamin, motar Makwar tana tashi gobe da safe daga kasuwa. Ni zan shiga, Maijidda za ta shiga, Ma'u ta ce a tafi da ita. Idan mu kaɗai muka je zai karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa, ya sallame mu. Idan kuna gaba, zai biyo mu. Ba na neman ku ba shi haƙuri a bainar jama'a, ku dattijo ne, shi ɗanku ne. Ku je kawai ku ce masa ya zo. Zai gane sauran daga yadda kuka faɗa.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka binne a nan da waɗanda muka binne a hanya. Allah Ya bayyana mana Salihu da duk wanda iyalinsa ke jiran labarinsa. Allah Ya sanyaya zukatan iyayenmu, Ya cire tsoro daga barcin 'ya'yanmu, Ya sa albarka a hawashunmu da ruwan tur'armu, Ya zaunar da ƙasar nan lafiya. Allah Ya mai da baƙinmu gidajensu cikin aminci. Wanda maganata ta yi wa zafi cikin dattawa, ya yafe mini zafin, ya riƙe maganar.

Alhaji Attahiru, na mayar muku da abin magana, muna nan zaune muna jiran amsar majalisa.

Na gode.